Break, Shatter, Smash ko Crumble: Wace Kalmar Turanci Za Ka Ɗauka Idan Abu Ya Farfashe?

Kofin gilashi ya suɓuce daga hannu ya faɗi, kana so ka faɗi abin da ya faru da Turanci. Ka buɗe ƙamus, sai ya jero maka *break*, *shatter*, *smash*, *crack*, *splinter*, *crumble*, *fragment*, kamar duk abu ɗaya suke nufi. Ba ɗaya ba ne. Mai jin Hausa ma bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, domin mu ba ma cewa sanda ta fashe ko tulu ya karye. Muna da fasa da karya da tsaga da marmasa da tarwatsa da ragargaza, kowace da mazauninta. Turanci ma haka yake, sai dai iyakokinsa ba su faɗa daidai kan namu ba, kuma a nan ne mai koyo yake yin tuntuɓe.

Ga ma'aunan da zan ɗora kowace kalma a kai.

Na farko, kuma shi ne babba, mene ne ya rage a ƙasa bayan abin ya auku: gida biyu, ko ɓaraguzai masu kaifi, ko gari, ko kuwa abin yana nan a haɗe da tsaga a jikinsa? Na biyu, ƙarfi: wani ne ya doka da gangan, ko abin ne ya gaji don kansa? Na uku, tsadar koyo, wato yawan abin da sai ka haddace na nahawu da furuci kafin kalmar ta zauna maka a baki. Na huɗu, ƙarko: shin za ta yi maka aiki a hira da jarrabawa da rahoton ofis, a Turancin Ingila da na Amurka, ko kuwa a wuri ɗaya kawai take da amfani? Na biyar, haɗari: wace ma'ana ce take ɓoye a bayanta da za ta iya ba ka kunya?

Break

Wannan ita ce uwar gida. Tsohuwar kalma ce, tun Turancin dā da ake cewa *brecan*, kuma ta haɗiye abin da Hausa ta rarraba wa kalmomi huɗu ko biyar. *He broke the glass*, ya fasa. *He broke his arm*, ya karye. *The rope broke*, ta tsinke. *The radio is broken*, ta lalace. Har alkawari da doka da azumi duk *break* ake yi musu.

Ba ta faɗa maka komai game da abin da ya rage a ƙasa. Idan aka ce *the window broke*, ba ka san ko gida biyu ta rabu ko gida dubu ba, kuma ba ka san ko da gangan aka yi ba. Shi ya sa ake yawan yi mata jela, a ce *broke in two* ko *broke into pieces*.

Wajen ƙarko babu kamarta, ko'ina ka kai ta za ta shiga. Amma tana da tsada fiye da yadda ake zato. Ba ta bin ƙa'idar ƙara *-ed*: *break*, *broke*, *broken* ne, babu *breaked*. Sannan ƙananan kalmomin da ke bin bayanta suna juya ta gaba ɗaya. *Break into pieces* farfashewa ne, amma *break into a house* fasa gida ne irin na ɓarawo. *Break down* mota ce ta mutu a hanya ko mutum ya fashe da kuka. *Break up* rabuwar masoya ce ko watsewar taro. Kuma wanda ya ce *I am broke* ba karaya ya samu ba, aljihunsa ne ya bushe.

Shatter

A kan wannan zan fi daɗewa, domin ita ce aka fi sha'awar amfani da ita, kuma ita aka fi ɗora wa kayan da ba nata ba.

*Shatter* tarwatsewa ce ta farat ɗaya, abu mai tauri amma marar lanƙwasuwa ya fashe ya zama ƙananan ɓaraguzai masu yawa, su watsu. Masana asalin kalmomi suna haɗa ta da *scatter*, wato warwatsa, kuma in ka riƙe wannan dangantaka ka riƙe rabin ma'anarta. Gilashi, madubi, tangaran, ƙanƙara, su ne mutanenta. Takarda ba ta *shatter*, igiya ba ta yi, roba mai laushi ba ta yi.

Hanya mafi sauƙi ta ganin iyakarta ita ce ka dubi mota bayan hatsari. Gilashin gefe, wanda aka gasa aka sanyaya da sauri a masana'anta don ya yi ƙarfi, idan ya fashe zubewa yake yi gaba ɗaya, ya zama 'yan ƙwayoyi kamar tsakuwa, su cika kujera da ƙasan mota. Wannan shi ne *shattered*. Gilashin gaba kuwa falle biyu ne da siririn leda a tsakaninsu, irin fasahar da masanin sinadarai na Faransa Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909. Dutse ya doke shi, sai ka ga tsaga ta bazu kamar saƙar gizo, amma yana nan tsaye a mazauninsa, ledar ta riƙe shi. Wannan *cracked* ne. Mota ɗaya, hatsari ɗaya, kalmomi biyu.

Ba lallai sai da mai dukan ba. *The glass shattered* daidai ne, *the bullet shattered the glass* ma daidai ne. A nan akwai abin lura ga mai Hausa: mu muna sauya ƙarshen kalma, mu ce ya fasa, ya fashe, ko ya tarwatsa, ya tarwatse. Turanci ba ya sauya komai, siffa ɗaya ce take yin aikin biyun. Wannan ya sa koyonta yake da araha: *shatter*, *shattered*, *shattered*, shi ke nan.

Inda take da daraja sosai shi ne wajen aron ma'ana. Buri, fata, amana, kwanciyar hankali, shiru, duk ana *shatter* ɗinsu, kuma kalmar tana ɗauke da cewa abin ba zai koma yadda yake ba. A ranar 7 ga Yuni 2008, lokacin da Hillary Clinton ta janye daga neman takarar shugabancin Amurka a jam'iyyarta, ta gaya wa magoya bayanta cewa ba su samu sun yi *shatter that highest, hardest glass ceiling* ba a wannan karon, amma rufin yanzu yana da *about 18 million cracks in it*. Rufin gilashin da take nufi shi ne shingen da ba a gani wanda ke hana mata kaiwa ƙololuwar muƙami, miliyan 18 kuwa kimanin yawan ƙuri'un da ta samu ne. Dubi yadda jimlar ta tsayu a kan bambancin kalmomin biyu: ba a tarwatsa ba, amma an tsattsaga. Da ta ce *break* a wuraren biyu, da maganar ta mutu.

Haka yake a wasanni. A gasar Olamfik ta birnin Meziko a 1968, Bob Beamon ya yi dogon tsalle na mita 8.90, ya wuce tarihin da ke ƙasa da santimita 55 a tsalle ɗaya. Wannan shi ne *shattered the record*. Da Mike Powell ya zo a Tokiyo a 1991 ya yi mita 8.95, ƙarin santimita 5, *broke the record* ta fi dacewa da shi. Ratar ce take zaɓar kalmar.

Haɗarinta biyu ne. Na farko zuzutawa. Na taɓa duba rubutun wani ɗalibi da ya rubuta *my leg shattered* alhali karaya ɗaya ya samu, ta warke cikin 'yan makonni. Mai karanta Turanci zai ɗauka ƙashin ya ragargaje gunduwa-gunduwa, har ya fara tunanin ko an yanke ƙafar. Na biyu, saɓanin yanki: a bakin mutanen Ingila, *I'm shattered* yawanci na gaji tiƙis ne kawai, amma Ba'amurke zai fi jin cewa wani mummunan labari ne ya karya maka zuciya.

Smash

Idan *shatter* tana kallon ɓaraguzan da ke ƙasa, *smash* hannun da ya yi dukan take kallo. Ƙarfi ne da ƙara da fushi, ko gudu mai tsanani. Ba ta kai *break* tsufa ba, a ƙarni na 18 ta bazu da wannan ma'ana, kuma sautinta kansa yana kwaikwayon ƙarar abin da aka maka. Ragargaza ko rotsa su ne mafi kusa da ita.

Ba ta zaɓen kaya kamar *shatter*. Ƙofa, mota, waya, kujera, duk ana *smash* ɗinsu, ko da ba su watse ba, sun dai lotse ko sun rotse. Kuma za ka iya haɗa su biyun a jimla ɗaya ba tare da maimaici ba: *he smashed the bottle against the wall and it shattered*, ya maka kwalbar da bango ta tarwatse. Ɗaya aikin, ɗaya sakamakon. *Smash into* kuwa karo ne, kamar mota ta afka wa bango.

Koyonta ba wuya. Matsalarta ƙarko da haɗari. Ta fi zama a hira da kanun jarida, a rahoton ofis ko na inshora tana iya yin kama da zargi, domin idan ka rubuta *the driver smashed the gate* ka nuna kamar da gayya ko ganganci ya yi, alhali *damaged* ko *broke* ba su ɗora wa kowa laifi ba. Kuma tana da 'ya'ya da yawa da suka bar gida: *a smash hit* waƙa ce ko fim da ya karɓu ƙwarai, *smashing* a tsohon salon Ingila madalla ne, *smash* a wasan tanis dukan ƙwallo ne daga sama da ƙarfi, *he was smashed* kuma ya bugu da giya ne. A yaren matasa na intanet har ma'anar batsa take da ita, don haka kada ka ɗora ta a kan mutum sai ka tabbatar da abin da kake faɗa.

Crack da snap

Waɗannan ba su kai ga farfashewa ba, amma dole a ambace su don kada a aro su a inda ba su dace ba. *Crack* tsagewa ce ko darewa, abin yana nan a haɗe: bango, fuskar waya, ƙasa a lokacin fari. *Snap* karyewa ce gida biyu farat ɗaya da 'yar ƙara, irin ta busasshen reshe ko fensir, ko tsinkewar igiyar da aka ja ta yi tauri. In gutsattsarin sun wuce biyu, ka bar *snap*.

Splinter

Kalmar itace ce da ƙashi, daga tsohon harshen mutanen Holan ta shigo. Abin da ya rage dogaye ne, sirara, masu tsini, domin itace bin tsawon jijiyarsa yake yi in zai tsage. A matsayin suna, *a splinter* ita ce sartse, wannan ɗan tsinken da ke shiga ƙarƙashin fata ya hana ka sakat. Wanda ya taɓa ganin ƙofar katako da aka ɓalle da ƙafa, bakin wurin ya yi tsinke-tsinke, ya ga *splintered*.

Fagenta ƙunci ne, amma a cikinsa babu mai maye gurbinta, kuma ba ta da wata ɓoyayyar ma'ana mai kunyatarwa. A labaran siyasa za ka riƙa cin karo da *splinter group*, wato ɓangaren da ya ɓalle daga uwar jam'iyya ko ƙungiya.

Crumble

Yawancin waɗanda suka gabata a cikin ƙiftawar ido suke faruwa. *Crumble* ita kaɗai ce mai tafiyar hawainiya. Marmashewa ce: busasshen hoge da ka murza a tafin hannu ya zama gari yana zuba ta tsakanin yatsu, tsohon gini da ruwa da shekaru suka ci, busasshen ganye. Daga *crumb* ta fito, wato ɗan marmashi. Babu ƙara, babu kaifi, sau da yawa babu ma wanda za a ce shi ya yi.

Shi ya sa aronta ya bambanta da na *shatter*. *His confidence shattered*, abu ɗaya ne ya faru ya rusa shi nan take. *His confidence crumbled*, a hankali ya riƙa zaizayewa har ya ƙare. Daula, aure, gadoji da hanyoyin da aka yi watsi da su, duk *crumble* suke yi. A ganina ita ce kalmar da masu koyo suka fi yi wa rowa, suna sa *break* ko *spoil* a inda ita ce za ta zana hoton daidai.

Tana shiga hira, tana shiga rubutu mai nauyi. Tarkonta guda ne, harafi ɗaya: *crumple* da *p* cukuikuyewa ce, irin ta takarda ko tufa ko gaban motar da ya lotse. *Crumbled paper* takarda ce da ta tsufa har ta zama gari, *crumpled paper* kuwa wadda aka dunƙule aka jefar.

Fragment, fracture, disintegrate

Waɗannan su ne masu manyan riguna, daga Latin suka zo. *Fragment* da *fracture* tushensu ɗaya, *frangere*, wanda ya haifi *fragile* da *fraction*. Ba sa ɗauke da ƙara ko motsin rai, bayani kawai suke yi, don haka su ne na rahoto da binciken ilimi.

*Fragment* ta fi yawa a matsayin suna, *fragments of glass*, *fragments of bone*. A matsayin aikatau ta fi zuwa wa abubuwa kamar al'umma ko kasuwa da ta rarrabu. Akwai ɗan kuɗin furuci da za ka biya: a Turancin Ingila, suna yana da nauyi a gaɓar farko, aikatau a ta biyu. *Fracture* ta likitoci ce da masana duwatsu da injiniyoyi. A wurin likita kowace irin karaya *fracture* ce, har tsagar da ba ta fi silin gashi ba, wadda suke kira *hairline fracture*. *Disintegrate* kuwa wargajewa ce gaba ɗaya har abin ya daina zama abu guda. Ita ake yawan amfani da ita wajen bayanin kumbon Columbia, wanda ya wargaje a sararin jihar Texas ranar 1 ga Fabrairu 2003 yana dawowa duniya, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Ana kuma faɗinta game da Tarayyar Sobiyet a 1991.

Haɗarinsu shi ne su sa ka zama kamar mai karanta takarda a tsakiyar hira. Babu mai cewa *my cup disintegrated* don kofi ya faɗi a ɗaki.

| Kalma | Abin da ya rage | Ƙarfi da sauri | Tsadar koyo | Inda take shiga | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| break | ba ta fayyace ba | kowane iri | mai yawa | ko'ina | *break into*, *broke* |
| shatter | ɓaraguzai masu yawa, a watse | farat ɗaya | kaɗan | hira da rubutu | zuzutawa, ma'anar gajiya |
| smash | rotsewa ko fashewa | duka mai ƙarfi | kaɗan | hira, kanun labarai | zargi, maye, batsa |
| crack | tsaga, abin a haɗe | kowane iri | kaɗan | ko'ina | ba farfashewa ba ce |
| splinter | tsinke-tsinke masu tsini | farat ɗaya | kaɗan | itace, ƙashi, siyasa | kusan babu |
| crumble | gari, marmashi | a hankali | kaɗan | hira da rubutu | ruɗewa da *crumple* |
| fragment, fracture, disintegrate | gutsattsari ko wargajewa | ba ruwansu da ƙara | matsakaici | rahoto, kimiyya, asibiti | nauyi a hira |

To, wacce za ka ɗauka?

Idan sabon koyo ne kai, ko kana tsakiyar magana babu lokacin tunani, riƙe *break*, ka ƙara mata *into pieces* in abin ya farfashe. Ba za a ce ka yi kuskure ba, muddin ka kiyaye *broke* da *broken*.

Idan jarrabawa kake shirya wa ko kana rubuta insha'i, *shatter* da *crumble* su ne biyun da suka fi cancantar lokacinka. Suna da sauƙin nahawu, suna aiki a zahiri da kuma a aro, kuma tsakaninsu sun raba duniya gida biyu: abin da ya rushe farat ɗaya da abin da ya zaizaye a hankali. Sai dai kada ka sa *shatter* fiye da sau ɗaya ko biyu a shafi, ƙarfinta yana raguwa da yawan kira.

Mai rubuta ƙagaggen labari da ke son mai karatu ya ji ƙarar abin a kunnensa, *smash* ce tasa ga mai dukan, *shatter* ga gilashin, *splinter* ga ƙofar katakon. Mai rubuta rahoton hatsari ko takardar neman diyya kuwa ya nisanci *smash*, ya tsaya kan *broken*, *cracked* da *damaged*, ya kuma tabbata bai rubuta *shattered* a kan gilashin da tsaga kawai ya yi ba, domin wanda zai zo dubawa zai ga bambancin da idonsa. A gaban likita, *I think it's broken* ta isa, shi ne zai rubuta *fracture*.

Mai fassara daga Hausa yana da wata gata da sauran ba su da ita, domin kalmar da ke gabansa ta riga ta yi masa rabin aikin. Tarwatse ta fi karkata ga *shatter*, ragargaza da rotsa ga *smash*, marmashe ga *crumble*, tsage da dare ga *crack*, wargaje ga *disintegrate*, karye ga *break* ko *snap*. Fashe ce kawai za ta sa shi ya dakata, don tana da faɗi: kwalba ta fashe *broke* ce ko *shattered*, amma taya ko balan-balan ko bututun ruwa da ya fashe *burst* ne, bam kuma *exploded*.